Na kasa tuna Inna ta kafin ciwo

ƴar_Bilbis ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku a ɓoye, yau ne farkon da zan buɗe baki. Innarmu ta rasu wata huɗu ke nan a gidanmu na Bilbis, nan cikin Tawa, bayan shekara biyu da rabi tana fama da sankarar mama. Ni ce auta, ni ce kuma na yi jinyarta har ranar da na shafe mata idanu.

Ga abin da ke hana ni barci. In na rufe ido don in ganta, ba Innar da ta rene mu ke zo mini ba. Wadda ke zuwa ita ce ta kan katifa a tsakar ɗaki, hannunta na hagu ya kumbura har riga ba ta shiga, gashi ya zube, tana ɗaura kallabi biyu don kada jikoki su gani. Har yau in na shiga ɗakin ina jin warin maganin wankin gyambo, ko da yake mun yi turare ya fi a ƙirga.

Alhali matar nan ba haka take ba. Baba ya tafi biɗa Abijan ina goye, can ya rasu, ko kabarinsa ba mu sani ba. Mu biyar ta riƙe da ƙwaryar hura. Kafin kiran assalatu ta fara daka, ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwa, sai ta yi dawo ninki biyu. Da kuɗin adashe ta kai ni har na zama malamar lakwal. Duk na san wannan kamar yadda na san darasin da nake koya wa yara, amma ba na ganinsa.

Kusan shekara ta ɓoye mana ƙullutun, wai daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura sai ya fantsama. Da muka gane, kowane sati uku muna kan hanyar Yamai, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, leda a hannuna saboda amai. A kwanakin ƙarshe aka sa mata morfin. Da yardata aka sa. Kwana uku kafin ta cika na kawo mata hura, ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?" Maganar ƙarshe ke nan da ta yi mini.

Tambayata biyu. Wanda ya yi doguwar jinya, yaya aka yi ya dawo da kamannin nasa na da? Sannan Yayanmu da ke Abijan yana son in ta cika shekara a yanka sa, a kafa rumfuna, a yi taro. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, ban kuma san abin da zan ce masa a yi ba.

Hajiya_ta_Wadata ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jinyar ta zama kankarar zunubi. Ni mai gidana na yi wa jinya, shanyewar ɓarin jiki, shekara huɗu. Bayan na fita takaba na fi shekara in na yi mafarkinsa a kwance nake ganinsa, ina juya shi. Wata huɗu ai jiya ne, kada ki tsananta wa kanki.

Abin da ya taimake ni bakin mutane ne. Ke shekara biyu da rabi kin zuba wa ciwo ido dare da rana, dole shi ya cika miki kai. Ƙawayenta kuwa dubiya kawai suke zuwa su tafi, Innarsu tana nan da ƙafarta. Ki nemi wadda suka fi shaƙuwa, ki tafi da goro da sukari, ki zauna. Kada ki ce ta ba ki labarin kirkinta, za ta yi ta "baiwar Allah ce, mai haƙuri ce" har magariba. Ki tambaye ta ranar da suka yi faɗa, ko ranar da Inna ta ba ta dariya.

Anfirmiye_Yamai ta amsa:

Ƴar'uwa, ni a kan maganar morfin zan tsaya, don na ga yadda kika rubuta "da yardata". Ba ke kika kashe ta ba, ba kuma maganin ba ne. Maganin ciwo hawa-hawa ake yinsa: farasitamol da ire-irensa, in ba su riƙe ba a hau tiramadol ko kodin, in ciwon ya fi ƙarfinsu a kai ga morfin. In likita ne ya auna shi daidai da zafin ciwo, sauƙi yake kawowa. Rikicewar tunani a kwanakin ƙarshe kuma abu ne da muke yawan gani ga masu sankarar da ta bazu. Hanta da ƙoda sun gaji, jiki ba ruwa, wani lokaci dajin ya kai ƙwaƙwalwa, magani ma kan ƙara nasa. Na ga uwa ta kira ɗanta da sunan wanta da ya rasu tun tana budurwa. Ba ƙi ba ne.

Ɓoyewar ma kada ki riƙe ta da ita. Matan zamaninsu sun ga waɗanda aka kai likita a makare suka mutu bayan aiki, sai suka ɗora wa wuƙa laifi. Kuma sai a watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gasa daji da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke nan Yamai. Kafin nan mai buƙata sai ya fita waje, wa ke da wannan kuɗin a cikin masu hura?

Abu ɗaya nake roƙonki. Tunda mahaifiya ta yi, ke da yayyenki mata ku je a duba ku, ku faɗa wa likita tarihin gidanku. Kada ku jira gangamin wayar da kai kan sankarar mama na watan Oktoba.

Ɗan_Adar_a_Tireshbil ya amsa:

Ƙanwata, ki yi haƙuri in ɗan kare Yayanki, don ni ma irinsa ne. Tawa tsohuwar ta rasu ina nan Abijan ina tura amalanke, labari ya iske ni an riga an dawo daga maƙabarta. Ke kin wanke ta, kin ba ta a baki. Mu abin da muka yi shi ne layi a wurin aika kuɗi, jika ashirin yau, jika talatin wani wata, sai murya a WhatsApp tana ce maka "da sauƙi" kana jin ƙarya ce. Wannan sa da yake son yankawa ba don a ce ya yi ba ne kawai, neman abin da zai yi mata da hannunsa yake. In za ki hana shi, ki ba shi wani aikin da ya kai sa nauyi. In kika ce masa bidi'a ce kika kashe waya, kin rasa uwa kin ƙara da wa.

Almajirin_zaure ya amsa:

Allah Ya gafarta mata. Taron cika shekara malamai sun yi saɓani a kansa, ba zan buɗe wannan ƙofar a nan ba, kun san halin dandalin nan. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne addu'ar ɗa da sadaka suna isa ga mamaci. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce ta uwar Sa'adu ce. Yana cikin Abu Dawuda. A ƙasar Adar kuwa ba sai an yi wa mutum wa'azin darajar ruwa ba. Shawarar Hajiya ma sunna ce, domin Annabi in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta.

ƴar_Bilbis ta dawo:

Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Anfirmiye, sau uku na karanta naki, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Hajiya, na je jiya bayan la'asar wurin ƙawarta da suke zama rumfa ɗaya a kasuwa. Kamar kin sani, da "baiwar Allah ce" ta fara. Da na tambaye ta dariya sai ta ajiye carbi. Wai wata Lahadi raƙumin wani Buzu ya zuro kai ta bayan rumfa ya tsoma baki cikin ƙwaryar damu. Inna ta yi wuf ta cafke akala, ta naɗe a hannu, ta ce ba mai sakin raƙumin nan sai an biya jika guda. Mai shi yana Tamashek, ita tana Hausa, kasuwa ta taru. Da ya kwance bakin rawani ya biya, sai ta ga leɓensa a bushe, ta ɗauko sabon ludayi ta dama masa ta dala hamsin kyauta, tana yi tana zagin raƙumin. Tsohuwar nan ta kwaikwayi yadda Inna ke jan gefen mayafi ta rufe wushiryarta in dariya ta ci ƙarfinta. Wallahi na manta tana da wushirya. Shekara biyu ban ga haƙoranta a dariya ba.

Na kira Yaya da dare, na ba shi labarin raƙumin. Ashe yana wurin ranar, shi ke riƙe da kwanon nono. Maganar yanka sa ba mu gama ta ba, ya ce zai yi tunani, ya kuma ce in tambayo masa kuɗin jawo famfo zuwa ƙofar gida. Kafin nan na fito da randunanta biyu na wanke, na girke su a gindin bedin ƙofar gida, na yi magana da mai garuwa. Gobe Lahadi. Wanda ya san inda ake samun moɗa mai sarƙa a Tawa ya faɗa mini, yaran unguwarmu ba sa barin kofi ya kwana.