Fankar cikin silin: ta sola ko ta lantarki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Gidanmu a Agege rufin kwano ne, zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin yana saukowa ɗaki har bayan isha'i, ka taɓa silin ka ji zau. Mai gyara ya ce a sa fankar da za ta zuƙe iskar ta fitar waje. Ta sola, in ba batir, rana na faɗuwa take tsayawa, ga hadarin Yuni da Yuli. Ta lantarki kuwa za ta cinye kuɗin mita, kuma da rana aka fi ɗauke mana wuta. Huda kwanon ma yana ba ni tsoro saboda yoyo. Don Allah wanda ya taɓa sawa a Legas, wacce ta fi?