Sata ce ko ciniki? Abin da ya tashi a gurup ɗin fadarmu jiya

Sani Mai Zane: Salamu alaikum jama'a, raina a ɓace yake wallahi. Bara wata ƙungiya ta ba ni aikin littahin zane na yara kan zazzaɓin sauro, shahi 24, wata biyu ina kwana kanshi, suka ba ni jika 75 muka rabu lahiya. Yau ɗan yayata ya dawo daga lekol da shi, an sake bugawa, sunana da ke bayan bango an goge an sa tambarinsu. Wanga in ba sata ba mi ne ne?

Alhaji Illa: Sata kuma? Ɗana ka iya bakinka. Ɓarawo ba ya ƙirga maka jika 75 a hannu. In na saida maka buhun gero a Babbar Kasuwa sai in biyo ka gida in ce a rubuta sunana kan tuwo?

Hadiza: Baba Alhaji ai gero daban, zane daban. Dokarmu ta haƙƙin mawallafa ta 2010 ta raba abu biyu, haƙƙin bugawa ana iya saidawa amma sunan mai aiki ba ya sayuwa. Sani ka kai maganar BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, a Yamai, aikinsu kenan. Kun sa hannu a kontra?

Sani Mai Zane: Babu kontra, da baki muka yi.

Lawali Bagalam: To ka gani, babu takarda kuma kana kiran mutane ɓarayi. A ce dai rashin adalci, sata tana da hukunci a shari'a hwa.

Nuhu: Lawali yi mana shiru, kowa ya san ƙanenka direba ne a irin waɗannan ƙungiyoyi shi ya sa kake kare su.

Lawali Bagalam: Mi ya kawo ƙanena cikin magana? Kai da har yau ba ka biya kuɗin shayin watan jiya ba kake maganar haƙƙi.

Hadiza: Don Allah ku bari. Wannan abu ba yau aka fara ba, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dalar Amurka 130 kacal aka ba su a 1938 suka miƙa komai, kamfani ya yi ta kwasar dukiya su suna talauci, sai 1975 da aka yi ta surutu aka yanka musu 20,000 duk shekara aka maido sunansu. Bill Finger da aka ƙirƙiro Batman da shi ya rasu 1974, sai 2015 aka fara sa sunanshi cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Alhaji Illa: Yawwa ƴata kin taimake ni, kin ce da kanki MIƘAWA suka yi. Ciniki kenan.

Nuhu: Cinikin mai yunwa da mai rumbu ba ciniki ba ne Alhaji.

Malam Issa: Ni tambayata ma, shi zanen mai rai ɗin ya halatta balle a yi rigima kan kuɗinshi?

Nuhu: Malam hoton da ke kan furofil ɗinka hwa, bishiya ce?

Malam Issa: Hoton waya daban ne, kuma ni ba sa'anka ba ne yaro.

Sani Mai Zane: Ni dai tambayata ɗaya, in je in same su ko in tahi Yamai? Ba wanda ya ba ni amsa.

Lawali Bagalam: Nuhu ka janye maganar ƙanena tukuna.

Admin Mutari: To dare ya yi, na rufe. Abin da na fahimta, mafi yawa sun yarda kalmar sata ta yi nauyi kuma Alhaji ya kawo hujja mai ƙarfi da misalin gero, dattijo ne ya san ciniki tun ba a haife mu ba. Hadiza ta kawo labarin Turawa, mun gode amma nan Maraɗi ne. Sani ka goge saƙonka na farko kar a ɗauki hoto a jawo mana. Nuhu, kuɗin shayi jika 2, gobe kafin la'asar.