Abin kwanciyar nan da yaro ke shiga ciki a sansani, me za mu kira shi?

Jagoran Sikawut: Assalamu alaikum. Malamai, ana rubuta wa iyaye takardar kayan da yaro zai zo da su sansanin hutun Disamba, da Hausa, sai aka cije a kan abin da Turawa ke kira silifin bag. Wanda aka cusa wa abin ɗumi, mai zif a gefe, yaro ya shige ciki ya ja. Wasu sun ce a rubuta "jakar barci" a wuce wurin. Ina so mu tsayar da suna guda wanda uwa za ta karanta ta gane abin da za ta saya.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam, Jagora. Jakar barci fassarar kai tsaye ce, kuma tana ɓatar da mutum. A Hausa jakar abu ita ce wadda ake zuba abin a ciki ko ake ɗauka a tafi wurinsa: jakar kuɗi, jakar makaranta. Uwa ta ga jakar barci, za ta haɗa wa yaro zanen gado da rigar barci a jaka ta ce ta gama. "Buhun barci" kuwa babu uwar da za ta so a ce an sa ɗanta a buhu.

Na Damagaram: A wajenmu masu Faransanci sak da kushaj suke cewa, jakar kwanciya ke nan, matsalar dai ɗaya. Me zai hana "bargon zango"? Kalmar zango tamu ce tun zamanin fatake.

Malam Tela: Yana da daɗi a baki, ɗan'uwa, amma kowane bargo aka tafi da shi zango ya zama bargon zango. Sai dai ka kama hanya da ka ce bargo, domin aikinsa ke nan. Ƙyalle biyu ne, na waje da shafi, a tsakani an shimfiɗa abin cusawa an bi shi da ɗinki layi-layi don kada ya taru gefe guda. Ba ya kawo zafi ko kaɗan. Kamar fulas yake, ɗumin da jikin yaro ya fitar shi yake tsarewa a cikin iskar da ke maƙale tsakanin zaren. Shi ya sa sayen na manya wa ɗan shekara 7 "don ya girma da shi" kuskure ne babba. Sararin da ya rage a ƙasan ƙafarsa iska ce mai sanyi, ƙaramin jiki ba zai iya ɗumama ta ba, ga shi yaro kan zurma ciki cikin barci har kansa ya nutse. A auna tsawon yaro, a ƙara santimita 15 zuwa 25, iyakar ke nan. In dole na manya ake da shi, a ɗaure rarar da igiya daga waje, daidai ƙasan tafin ƙafa. Ni dai "bargon shiga" nake gani, tunda bambancinsa da sauran barguna shi ne shigarsa ake yi, ba lulluɓa ba.

Malamar Hausa: Malam, shiga tana da ma'anar sutura ma, kamar a ce ya yi shigar sarauta. Amma da bargo a gabanta ba na jin wani zai ruɗe. Jam'insa ma ya zauna: bargunan shiga.

Jagoran Sikawut: Ya kwanta mini. To ai iri biyu ne, ya za mu raba su a takarda? Akwai mai kusurwa huɗu, wanda in an zuge zif ɗinsa duka yakan baje ya koma bargo sosai. Akwai kuma mai faɗi a kafaɗa, tsukakke a ƙafa, da hula a kai. Turawa da gawar Misirawan dā suke kwatanta shi, mu kam ba za mu rubuta wa iyaye haka ba.

Malam Tela: Allah ya kiyaye. A ce "mai kube", kamar kuben takobi, ɗayan kuma "buɗaɗɗe". Mai kube ya fi riƙe ɗumi nesa ba kusa ba, ya fi sauƙin nauyi, amma yaro mai juye-juye da harbin ƙafa yakan ji an takura shi, ya fito cikin dare ya kwana a fili. Irin wannan yaron buɗaɗɗe ya fi masa, a ƙara masa hular sanyi da safa.

Hajiya Nas: Ina goyon bayan bargon shiga, har da wani dalili. Akwai wata rigar barci ta jarirai mai hannu a buɗe wadda ita ma a Turance kusan suna ɗaya suke, kada a gauraya su. Wanda muke magana a kai ba na jariri ba ne, ba kuma na ɗan tatata ba, saboda zai iya shigewa ciki numfashi ya gagara. Ga ƙananan yara a guji mai doguwar zariya a hula ko wuya. A gwada yaro tun a gida: ya shiga, ya rufe, ya buɗe da kansa daga ciki, a cikin duhu. In bai iya ba, ranar da fitsari ya matse shi da tsakar dare za a ga sakamako. Kuma a gaya wa yara kada su cusa fuska ciki, tururin numfashi yana jiƙa shi ya ƙara sanyi.

Jagoran Sikawut: Hajiya, kin taɓo inda ke da muhimmanci. Batun lambobin da ke jikin bargon kuma, masu nuna digirin sanyin da aka yi shi dominsa, a nan iyaye suka fi faɗawa rami. Ma'aunin da ake bi shi ne na ƙasa da ƙasa mai suna ISO 23537, ana gwaji da mutum-mutumi mai ɗumi a ɗaki mai sanyi. Lamba ta farko ta barci cikin jin daɗi ce, ta biyu iyakar da babban namiji zai jure a ƙudundune, ta ƙarshe kuwa ta tsira da rai kawai, ba ta barci ba. Ta ƙarshen nan ce mai ban sha'awa a ido, ita mai sayarwa zai nuna maka. Sannan ma'aunin na manya ne, bai shafi na yara ba, don haka lambar da ke jikin na yara ƙiyasin kamfani ne. Shawarata a dubi ta farko kaɗai, a zaɓi wadda ta yi ƙasa da sanyin da ake tsammani da kamar digiri 5. Daren hunturu a tsaunukan Shere da ke Jos ko a Mambila yakan sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, to a nemi mai digiri 5. Da bazara kuwa zanen gado da gidan sauro sun wadatar.

Ɗan Gwanjo: Ranka ya daɗe, mu a kasuwa abin da muka sa wa suna shi ke tafiya, kuma bargon shiga zai shiga bakin mutane. Yawancin waɗanda ke fitowa a dila na fayiba ne, ɗaiɗaiku na laushin gashin agwagwa ko dinya. Na gashin ya fi ɗumi da rashin nauyi, amma da ya jiƙe ya dunƙule, ɗumi ya tafi, bushewa kuma sai an yi haƙuri. Ga yaro, da raɓa da zubar da shayi da fitsarin kwance, fayiba ita ce daidai. Mai saye ya ɗaga shi ga hasken rana, inda haske ya ratsa to abin cusawa ya gudu daga wurin. Ya ja zif sama da ƙasa sau uku, ya ga ko yana cin ƙyalle, ya duba ko akwai kumburarren ƙyallen nan da ke bin bayan zif yana tare iska. Ya sansana, in akwai warin fumfuna ya ajiye.

Malam Tela: A ƙara layi guda a takardar, Jagora: bargon shiga ba ya aiki sai da shimfiɗa. Ɓangaren da yaro ya danne ya lotse, babu iska a ciki, ƙasa kuwa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Tabarma kaɗai ta yi kaɗan da hunturu, a ɗora siririyar katifar soso a kai. A nisanta shi da wuta da maganin sauro na kunnawa, domin ƙyallen roba ne, narkewa yake ya manne a fata. A kakkaɓe shi kafin a shiga saboda kunama. In an dawo gida a shanya ya bushe sarai, a rataye ko a sa a babban buhu, kada a bar shi a matse cikin 'yar jakarsa wata da watanni, zai mutu ya daina tashi.

Malamar Hausa: Ka ga ita wannan 'yar jakar da ake cusa shi ciki, ita ce ta cancanci sunan jaka: jakar bargo.

Jagoran Sikawut: Madalla, na gode muku duka. Ga yadda zai fito a takarda: "Bargon shiga guda 1, daidai tsawon yaro, na fayiba, mai kube ko buɗaɗɗe, da jakarsa. Katifar soso siririya 1. Hular sanyi da safa." A karon farko za mu sa hotonsa a gefe, tunda sunan sabo ne.