Bak-aksul ɗin 230E yana kuka: wace lamba zan saka?

Mai fulat-but, Kano

Assalamu alaikum. Motata Marsandi 230E ce ta 1983, irin wadda ake ce wa fulat-but, giyar hannu mai lamba huɗu. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, shi ya sa na kasa rabuwa da ita. Wata biyu ke nan da zarar na wuce 80 sai wani kuka ya taso daga ƙarƙashin kujerar baya, in na ɗaga ƙafa daga totur ya lafa. Bakanikena ya buɗe bak-aksul, wato kwanon haƙoran da ke juya tayoyin baya, ya ce haƙoran sun cinye. Nata na asali mai lamba 3.58 ne, na zaga Ƙofar Ruwa ban same shi ba, sai 3.92 da 3.69 da 3.07. Zuciyata ta fi karkata ga 3.07 don an ce ba ya shan mai. Yawancin tafiyata cikin gari ce, sai Zariya sau biyu a wata. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka min.

Tsohon direba, Jos

Wa alaikumussalam. Ɗana, irin motarka gare ni, kuma na taɓa yin abin da kake shirin yi. Wancan 3.07 na 300D mai turbo ne, injin dizal mai ƙarfin ja tun daga ƙasa. Injinmu na fetur lita 2.3 ba haka yake ba, sai ya ɗau zafin juyi yake nuna ƙarfinsa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya na ji daɗi ƙwarai, motar ta yi tsit, har hira muke a 120 ba ɗaga murya. Ranar da na gane kurena muna dawowa daga Akwanga mu biyar, da buhun doya a but. A Hawan Kibo, inda na saba haurawa da lamba uku, sai da na koma lamba biyu, allurar zafi tana ta hawa, tirela tana bina da hon. Cikin gari kuwa duk tashi daga danja sai na ja kuloci, kafin shekara na canza faranti. Man da na yi zaton zan rage ban gan shi ba, tunda kullum ƙafata a nutse take cikin totur.

Bakanike, Kaduna

Baba ya faɗi gaskiya. Alhaji, lambar nan ma'anarta sau nawa furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa bak-aksul, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. In lambar ta yi girma mota ta yi ƙarfin tashi amma inji ya yi ta ihu a dogon titi, in ta yi ƙanƙanta a samu akasin haka. Giyarka ta huɗu kai tsaye take, juyin inji shi ne juyin furofela, saboda haka lissafin ba wuya. Da taya 195/70 R14, a gudun kilomita 100, injinka zai riƙa juyi kusan 3,100 a minti da 3.58. Da 3.69 kusan 3,200, da 3.92 kusan 3,400, da 3.07 kuwa wajen 2,670. Ka ga tsakanin naka da 3.69 kashi uku cikin ɗari ne kacal, kunne ma da ƙyar zai ji.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka sayi bak-aksul da bakin mai kaya. Lambar tana buge a jikin kwanon, a kankare datti da burushin waya a karanta. Ko ita ma ban cika sakin jiki da ita ba, don na taɓa buɗe kwano na tarar an sauya masa kayan ciki. Ka sa alli a wurin da furofela ke ɗaurewa, a riƙe gefe ɗaya kada ya motsa, a juya ɗaya gefen sau 20, ka ƙirga juyin allin ka raba da 10. In ka ƙirga kusan 37, to 3.69 ne. Sannan ka tsiyaye man a farin roba ka duba, in yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ka bar musu kayansu.

Mai 240D, Maraɗi

Mu nan pon muke ce wa bak-aksul. Tawa dizal ce, da 3.69 ta zo, na sa mata 3.92 na 200D saboda ina shiga ƙauye da kaya, ga rairayi. A wannan aikin ban yi nadama ba, tana tashi da lodi ba gardama. Amma hanyar Zinder, in na kai 100 sai ka rantse injin zai fito ta bonet. Ga mai zuwa Zariya ban ba da shawararsa ba.

Ɗalibin injiniya, Zariya

Ranku ya daɗe, a ƙara da maganar agogon gudu. Wayarsa daga giyabos take ɗauka, ba ta san an canza komai a baya ba. Kawuna ya sa 3.07 a wurin 3.58, agogo yana nuna 100 alhali yana kusan 117. Sai da na kunna GPS a wayata na nuna masa ya yarda. Da 3.69 kuskuren kaɗan ne, in ya nuna 100 kana wajen 97.

Tsohon direba, Jos

Na manta ban faɗa ba, da giyarka mai lamba biyar ce da ba ka ma shiga wannan tunani ba, don ta biyar ita ke sauke juyin inji a dogon titi. In wata rana ka ci karo da ita mai lafiya, can ya kamata kuɗinka ya tafi.

Mai fulat-but, Kano

Na gode Baba, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma da alli a aljihu. Na 3.69 ɗin ya ba mu 37 saura kaɗan, mansa baƙi ne amma ba garin ƙarfe. An ɗaura shi, an zuba sabon mai lamba 90, an canza robar da ke riƙe shi don ta tsage. Yau da safe na je Kwanar Ɗangora na dawo. Kukan ya tafi, tashi daga danja ma kamar ta fi kuzari. Na cika tanki na rubuta kilomita, in na dawo daga Zariya ranar Asabar zan kawo muku lissafin man da ta sha.