Allo ya yi baƙi bayan sabunta Ubuntu, direban NVIDIA ya daina aiki

Sadiya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Kwamfutata mai katin hoto na NVIDIA GTX 1050 ce, ina amfani da Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux. Direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, na sauko da shi ne daga shafin NVIDIA, fayil ɗin nan mai ƙarewa da .run, kuma lafiya lau yake aiki. Jiya na sabunta manhajoji, na kashe na kunna, shi ke nan: allo baƙi ƙirin, sai wani ɗan layi fari yana ƙyaftawa a kusurwar hagu. Duk aikin digirina yana ciki, hankalina ya tashi.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, fayilolinki suna nan, abin da ke zana allon ne ya kasa tashi. Ki danna Ctrl+Alt+F3, ki shiga da sunanki da kalmar sirri, ki rubuta sudo modprobe nvidia. Me ya ce?

Sadiya: Malam, ya ce "Module nvidia not found in directory /lib/modules".

Malam Bala: To, ga matsalar nan. Sabuntawar ta kawo sabon kernel, wato zuciyar Ubuntu da ke sarrafa kayan kwamfutar, direban kuma an haɗa shi ne domin tsohon, ba a sa shi a DKMS ba, tsarin da ke sake haɗa direba duk lokacin da sabon kernel ya zo, balle ya sake haɗa kansa. Wajen saka shi kuma an toshe nouveau, direban da Ubuntu ke zuwa da shi, sai Xorg, mai zana allon, ya tashi ya rasa wanda zai kama. Ki sake kunnawa, ki riƙe Shift ko ki danna Esc har GRUB, jerin zaɓin da ke zuwa kafin Ubuntu ya tashi, ya fito, ki shiga Advanced options ki zaɓi tsohon kernel. In allon ya dawo, ki yi sudo nvidia-uninstall, sannan sudo ubuntu-drivers install, ki sake kunnawa. Wannan direban na Ubuntu tare da kernel yake tafiya duk sabuntawa.

Habu: Ni dai da sabon Ubuntu zan ɗora kawai, ya fi sauƙi.

Malam Bala: A'a, Habu. Aikin digirinta fa yana ciki, gyaran kuma layi biyu ne. Sadiya, kafin komai ki kwafe aikin a filash.

Sadiya: Alhamdu lillahi, ya dawo! Umarnin nvidia-smi, mai duba katin NVIDIA, ma yana nuna katin. Allah ya saka da alheri, Malam. Tsohon kernel ɗin, in goge shi?

Malam Bala: Amin. Bar shi, shi ne mafakarki in sabon ya sake kawo matsala.