Wai naman gwari ne zai ceci kokonmu?

Ɗan Ikom: Jama'a, wallahi na gaji. Daminar nan 'ya'yan kokon gonar da nake gadi sun yi baƙi sun ruɓe a bishiya, ga Ridomil, maganin feshin da ake saya a kanti, ya yi tsada. Na ce wa maigidana masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, sun gwada wani naman gwari, Trichoderma, ana fesa shi ya cinye ƙwayar cutar. Sai ya yi min dariya gaban yara. Ni dai na ce ya fi maganin kanti!

Baba na Sefwi: Yaro, wa ya ce maka ya fi? Mu a Gana tun 2001 gwamnati ta fara feshin gayya, ba mu taɓa jin wannan ba.

Hajiyar Zango: Ku dakata. Naman wa? Kakata Bagwariya ce, ku nemi wani suna.

Malamin Gona: Hajiya a yi haƙuri, haka muka taso muka ji. Kuma ba irin mai laima ba ne, fumfuna ce koriya da ke zama cikin ƙasa. A gwajin Kamaru ta rage ruɓewa, amma ba ta kamo Ridomil ba.

Ɗan Kumba, daga Kamaru: Fumfuna? Irin ta burodi? Ita zan fesa wa gonata? Allah ya kiyaye.

Hajiyar Zango: "Haka muka taso" ba hujja ba ce, Malam. Sunansu ma Gbagyi ne.

Ɗan Kumba: Hajiya, ke da bakinki kika ce Bagwariya yanzu.

Hajiyar Zango: Kakata ce, ina ruwanka?

Malamin Gona: A Barazil ma, bayan wata cuta daban ta shiga gonakin kokon jihar Bahiya a 1989, sun yi wani maganin feshi, Tricovab, daga irin wannan fumfunar.

Baba na Sefwi: In na Kamaru na aiki, me ya sa muka fi su koko?

Ɗan Kumba: Baba, da girmanka. Ku fara korar 'yan galamse, masu haƙar zinare ba izini, daga gonakinku tukuna.

Ɗan Ikom: Ni fa maganar koko na kawo.

Auta: Yaya, wane kokon? Na ƙosai? 😂

Shugaban Zaure, daga Kumasi: To, ya isa. Abin da aka cimma: feshin Gana ya fi, fumfunar Kamaru sai ɗakin gwaji. Hajiya ta yi gaskiya, wanda ya sake rubuta waccan kalma zan cire shi. Ɗan Kumba, ka ba Baba haƙuri kafin magariba.