Na Ga Tsohuwar Peugeot 404 a Zariya, Amma Mai Ita Ya Ƙi Saurarona

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, direba ne da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Zariya da Funtuwa, kuma a gefensa na koyi bambance motoci da ƙarar injinsu tun kafin su iso. Shi ya sa har yau idan na ga tsohuwar mota a titi, ko Marsandi ce ko Volkswagen Beetle ko Land Rover, sai na tsaya na ɗauki hotonta. Kwanakin baya na ga wata farar Peugeot 404 ta fito daga wajen Tudun Wada, wani dattijo yana tuƙa ta a hankali, kuma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne sitiyarinta yana hannun dama. Na bi ta a babur har ƙofar gidansa. Da ya fito ya gan ni da waya a hannu sai ransa ya ɓaci, ya kira matasan unguwa, aka sa na goge hotunan. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin na ji an ce 'yan gwangwan suna zawarcin motar. Ta yaya zan koma wurinsa?

Injiniya Na Panteka: Wa alaikumus salam. Ka san abin da ka gani kuwa? Najeriya ta koma tuƙi a gefen dama na titi da motoci masu sitiyari a hagu ne a watan Afrilun 1972, saboda haka mota mai sitiyari a dama irin wannan, mai yiwuwa ne ƙwarai ta shigo ƙasar nan kafin wannan lokaci, wato tun kafin kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. An fara fitar da 404 a Faransa a 1960, kuma ita ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari ta Gabashin Afirka a 1963, ta sake ci sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968. Ka haɗa kuɗi ka je ka saya kafin a sare ta. Sai dai ka buɗe bonet tukuna, domin yawancin waɗanda suka rage an cire musu injinsu na asali mai lita 1.6 an dasa na 504, kuma ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa, nan ne take fara cin su.

Maman Hanifa: Malam, ka yi haƙuri, amma a wannan zamani na satar mutane, duk wanda aka bi a babur har ƙofar gida dole ya tsorata. Dattijon yana da gaskiya. Ni ma mun taɓa samun wani yana ɗaukar hoton motar maigidana a bakin makarantar yara, har lambarta ta fito a Facebook, kuma mun yi makonni muna canza hanya saboda fargaba. Shawarata ita ce ka ƙyale bawan Allah nan da motarsa.

Baban Khalifa: Hajiya, ban ɓoye kaina ba, da rana tsaka ne, kuma na yi sallama kafin na ɗaga waya. Da na tsayar da shi a kan titi ai da abin ya fi muni. Ba ni da wata hanyar sanin inda motar take kwana sai ta bin ta.

Malam Na Sabon Gari: Ba ka gaya mana abin da kake so ba, hoto ne ko saye? Idan hoto ne, ka nemi mai unguwa ko limamin masallacin da yake salla su yi maka iso, ka je da hoton mahaifinka da motarsa in kana da shi, ka kuma yi alkawarin rufe lambar motar. Dattawa irin wannan suna son a tambaye su tarihin abinsu, amma ba sa son a fara da maganar kuɗi.

Injiniya Na Panteka: Malam, iso ɓata lokaci ne. Ina ganin yadda ake kawo irin waɗannan motoci a sare su a sayar da ƙarfen a kan sikeli, alhali gilashinsu da fitilunsu na baya ba a samun su ko a Panteka ko a Ƙofar Ruwa sai an sha wahala. Wata 504 da na yi shekaru ina lallaɓawa haka magada suka sayar da ita ranar da aka yi rabon gado, ko sanar da ni ba su yi ba, bayan ni na san kowace waya da ke jikinta. Baban Khalifa, ka tura dillali, kada ka je da kanka, tunda ya riga ya ƙi fuskarka.

Direban Tasha: Ni abin da nake tsoro takardu ne. Jami'an kiyaye haɗurra ba sa yarda da mota mai sitiyari a dama, kuma idan ka mayar da shi hagu ka lalata abin da ya ba ta daraja. Shi dattijon ana ɗaga masa ƙafa ne saboda shekarunsa da kuma sanayya a cikin gari, kai kuwa ba za a ɗaga maka ba.

Baban Khalifa: Na gode, amma dillali zai sa ya ɗauka cewa riba nake nema, ni kuwa ba ita ce a gabana ba. Maganar mai unguwa kuma, matasan da suka tare ni har da ɗan mai unguwar a ciki, saboda haka ban ga yadda zan tunkare shi ba. Batun saye ban yanke shawara ba tukuna, kuma ba ni da wurin ajiye ta a yanzu, amma ba zan iya zuba ido a sare ta ba.

Injiniya Na Panteka: In ba ka da wurin ajiya, akwai fili a garejina. Ka turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri, ni zan je da kaina ranar Asabar.

Maman Hanifa: Don Allah kada ka ba kowa kwatancen gidan mutum ba da izininsa ba.

Malam Na Sabon Gari: Har yanzu ba ka ce komai game da limamin ba. Kana da wanda ya san shi a unguwar?